Nemo Macijin Kafin Ka Zare Takobi

Ɗan'uwa mai buga gem, na ji kukanka. Ƙwallo na ƙafar ɗan wasanka, gola ya fito, sai allo ya ƙame; kafin ya farfaɗo an zura maka biyu. Abokai sun ce furosesa ce, ka canza. To, mayar da kuɗin aljihu tukuna, mu leƙa rijiyar Kusugu.

Kowane ɗan Daura ya san labarin. Rijiya cike da ruwa, ga guga ga igiya, amma maciji Sarki ya hana ɗiba sai ranar Juma'a. Da Bayajidda ya zo, bai sayo sabon guga ba, bai ce a haƙa wata rijiya ba. Wanda ya tare hanya ya nema, ya sare masa kai. Kai ma haka za ka yi.

Kunna wasan, eFootball ne ko GTA V, ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager ya buɗe. Dubi katin hoto. In ya kai kashi 95 zuwa 100 yana haki, furosesa kuwa tana gyangyaɗi, to ba ta da laifi, katin ne macijin. In kuma katin ne ke miƙe ƙafa a kashi 60 amma wasan na sarƙewa, rage hoton daga 1080 zuwa 720. Ba ta sake zani ba? Yanzu kam an fara zargin furosesa.

Zargi dai ba hukunci ba ne. Kwance murfin akwatin ka gani. Hunturu ɗaya a Daura ya isa ya saƙa wa fanka bargo. Na taɓa ganin ƙurar da aka zaro daga wata kwamfuta, dunƙule guda kamar sheƙar ɓera, har da ɓawon gyaɗa. Furosesa in zafinta ya doshi digiri 100, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, balle a watan Afrilu, ɗakin kwano ba silin. A hure ƙurar, a sake mata man sanyaya. In ram ɗinka gig 8 ne, cika shi 16. Sau da yawa nan ake rufe shari'ar.

Mai laftof kuwa, ka huta. Yawancinsu da dalma aka liƙe furosesarsu. Duk wanda ya ce zai mayar maka da i5 ta zama i7, gaishe shi da aiki ka wuce.

Sannan ka sani furosesa amarya ce, ba ta cika tarewa ita kaɗai ba. In madabod ɗinka mai gurbin AM4 ne, wanda AMD ta fitar a 2016, ka yi sa'ar auren zumunci: galibi sabunta BIOS kawai za a yi, Ryzen 5 5600 ta shiga ɗaki. Amma in ka hango ta AM5, shirya lefe da kayan ɗaki, domin sai sabon madabod da ram na DDR5. Kuɗin abu ɗaya ya zama na uku.

In ka je Beirut Road a Kano, kada sunan i7 ya ruɗe ka. Tambayi zubi na nawa ce. Tsohuwar i7 ta 2012, ƙaramar i3 ta 2022 sai ta ba ta ƙura. Kuma Windows 11 daga zubi na 8 na Intel take karɓa, ga shi an daina tallafa wa Windows 10 tun Oktoban 2025.

Wuta fa? Furosesa ba ta buga ƙwallo a duhu. In ba ka da batirin ajiya ko sola, fara da su.

In ka bi duk wannan, katin hoto na hutawa, akwati tas, ram ya ƙoshi, wasa bai daina sarƙewa ba, to bismilla, saya. Sai dai ka tafi da akwatinka, a ɗaura ta a gabanka, ka buga wasa ɗaya cikakke a shagon kafin ka tura kuɗi.