Da Kaka Mu Sayar, da Damina Mu Sayo

Mu mutanen Tunuga aljihu biyu gare mu, ɗaya na sefa, ɗaya na naira. Ka aiki yaro sayen sabulu, kafin ya fita zaure sai ya waiwayo ya ce, "Baba, da wane kuɗi?" domin ya san mai tebur ba ya yi musu kuɗin goro. Kamba na nan ƙetaren iyakar Najeriya, Gaya na yamma da mu, daga Gaya kuwa gada ce kawai ta raba ka da Malanbil ta ƙasar Benin. Wanda ya tashi tsakanin kasuwannin ƙasashe uku ba sai an zaunar da shi an karanta masa cewa kaya in ya yi yawa yana araha, in ya yi ƙaranci yana tsada ba. A bakin tiya muke ganin wannan kowace ranar kasuwa.

Shi ya sa ba ma ɗora buhu a amalanke sai mun buga waya. A kira ɗan'uwa a Kamba a ji yadda shinkafa ta kwana, a kira wani a Gaya, sannan a tambayi ɗan canji nawa jika take yau. A 2019 jika ɗaya ta sefa wajen naira 600 ce, a 2024 ta haura naira 2,500. Mai sefa da ya shiga Kamba sayen atamfa ko kwanuka ya ji daɗin wannan. Amma wanda ɗansa ke ci-rani a Legas yana aiko da naira, da wanda ya kai rago aka biya shi da naira, sun ga kuɗinsu na narkewa a hannu kafin su iso gida. Wata masaniyar tattalin arziki ƴar Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsin Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da salula ke shigowa, ta tarar bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Mu ma shaida ne, tun da waya ta zo da wuya dillali ya rufe mana ido.

To, duk da wannan sani namu, akwai abu guda da muke maimaitawa kowace shekara, kuma yana ci mini rai. Da kaka muna sayar da hatsinmu lokacin da ya fi araha, da damina mu koma mu sayo shi lokacin da ya fi tsada.

Ku tuna yadda Oktoba take. Gero ya shigo, dawa na tafe, shinkafar Gatawani da Dole ta kusa yanka, kowa ya fito da nasa a mako ɗaya. Ka tsaya wurin ma'auna ka kalla. Mace ta sauke ƙwaryar geronta, mai awo ya cika tiya ya yi mata tozo, ya tare gefen da hannun hagu ya ƙara tafi guda, abin da ya zube a tabarma kuma nasa ne. Ba ta ce uffan ba, domin bayanta mata nawa ne a tsaye da irin kayanta, in ta ɗauke nata wata za ta sauke. A watan Yuli matar nan za ta dawo wurin da kuɗi ƙulle a bakin zane. Tiyar dai ita ce, amma yanzu ba tozo, ba gyara, kuɗin kuma ya yi sama. Mai yiwuwa ma geron gonarta ne take saye.

In baƙi suka zo daga birni, musamman samarinmu da suka yi karatu, sukan ce rashin tattali ne, ko kuma bukukuwa ne suka cinye mu. Na ji wani ya faɗi haka a majalisar ƙofar masallaci, sai wani dattijo ya ce masa, "Ɗana, matso in lissafa maka. Takin da na zuba bashi ne, kuma mai shi ya ce da kaka. Ƴan ƙwadagon da suka yi mini maimai, saura rabin kuɗinsu. Lakkwal a wannan watan take buɗewa, yara huɗu, kowa da littafi da takalmi. Zazzaɓin sauro shi ma yanzu ne lokacinsa, jiya aka kai jikata likita. Ga haraji. Ga ƴar ƙanena da aka sa wa rana bayan girbi, ni ne uba. Wanne zan ce ya dakata sai Yuni?" Saurayin ya ce, "Amma Baba, ai farashi zai tashi." Dattijon ya ce, "Na riga ka sani. Halin jiran ne ba ni da shi."

Ni a wurina maganar dattijon nan ta fi kowane bayani kama talaucinmu. Gona muna da ita, ruwan sama kuma yankin Gaya ya fi ko'ina samu a Nijar. Abin da ya gagare mu shi ne jiran wata shida. A ce ka sayar da buhu jika 18 da kaka, ka sayo irinsa jika 27 da damina. Jika 9 ɗin nan da ta hau rabin kuɗin buhun ce. Ashe bashi ka ci da kuɗin ruwa kashi 50 cikin 100 a ƙasa da shekara, ba ka sa hannu a takardar kowa ba, ba ka ma ɗauka bashi ne ba. Mu da muke ƙyamar riba saboda addini, ga ta nan tana shigo mana ta ƙofar rumbu. Kuma ba ta tsaya nan ba. Wanda rumbunsa ya ƙare a Yuli, shi ne zai bar gonarsa ciyawa na ci ya tafi ƙwadago gonar wani don ya samo tiyar dare, amfaninsa ya ragu, baɗi ya fi bana matsuwa. Haka talauci ke haifar ɗan'uwansa.

Kada kuma mu ɗora laifin duka a kan alhazan da ke saye suna ajiyewa. Alhaji ya zuba jarinsa, ya biya dako, ya yi yaƙi da ƙwari da ɓera, kuma akwai shekarar da farashi ke ƙin tashi ya tafka asara. Da babu mai ajiyewa, da damina ko da kuɗinka ba ka samun na saye. Abu biyu ya fi mu da su, jari da ɗakin ajiya.

Ku duba cikin unguwa, su wa ne ba sa taɓa rumbu da kaka? Gidajen da ke da wata ƙofar shigar kuɗi. Gidan da uwargida ke dafa gishirin Fogha, ta kankaro ƙasa mai gishiri, ta tace ta da ruwa a kwando, ta wuni gaban murhu hayaƙi na cin idonta har ruwan ya ƙafe. Gidan da suka binne ƙwallon giginya suna jiran muruci. Mai rake a fadama, mai koma a kogi, mai rago biyu a turke. Kuɗin lakkwal da na magani daga nan suke fita, hatsi ya kwana lafiya. Iyayenmu mata sun riga mu gane wannan, shi ya sa adashi ba ya mutuwa a hannunsu. Tsarin Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, wanda yanzu ake kwaikwayonsa a ƙasashe da yawa, daga adashin nan ya samo tushe: asusu guda, zubi kowane mako, rance ga wadda ta matsu.

Akwai kuma dabarar jinginar da hatsi, wadda aka fara yaɗawa a Nijar a ƙarshen shekarun 1990 da taimakon hukumar abinci ta duniya, FAO. Manoma su haɗa ƙungiya, kowa ya kawo buhunansa a rubuta sunansa a jiki, a jera a mangaza. A sa wa ƙofar kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun shugaban ƙungiya, ɗaya a hannun asusun da ya ba da rance, ba mai buɗewa shi kaɗai. Ka karɓi rancen da bai kai kuɗin buhunka ba, ka kashe gobarar kaka, ko ka sayi rago ka yi kiwo. Bayan wata biyar ko shida ka biya, a buɗe, ka ɗauki hatsinka ka ci ko ka sayar a farashin bazara. A yammacin Kenya masu bincike sun gwada bai wa manoman masara rance daidai lokacin girbi, suka tarar manoman sun rage sayarwa da araha, kuma ribar da suka samu ta kai wajen kashi 29 cikin 100 na abin da suka ranta. Gaskiya ne akwai shekarar da farashi ba ya tashi, mai jingina ya biya ladan ajiya bai ci komai ba. Gaskiya ne kuma malamanmu na da magana kan kuɗin ruwa, kuma dole a nemo hanyar da ta dace da shari'a. Amma waɗannan abubuwa ne da ake zama a warware.

Sai maganar hukuma, wadda ba a raba majalisarmu da ita. Mu na bakin iyaka, takardar da aka sa wa hannu a Abuja ko Yamai ko Kwatano, a tukunyarmu take sauka. A Agustan 2019 Shugaba Buhari ya rufe iyakokin Najeriya saboda shinkafar waje, ba a fara buɗewa ba sai Disambar 2020. A farkon 2023 canjin takardun naira ya sa kuɗi suka ɓace a Kamba, mai kaya ya rasa mai biya. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Shekara da shekaru da man jarka mai araha muke tayar da injin ban-ruwa da babura, sai ga shi ya ninka, samarin da ke dakonsa suka zauna, manomin rani ya ƙara cin bashi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, gadar Malanbil ta rufe, mutane da kaya suka koma kwalekwale. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, iyakar Najeriya ta buɗe a Maris, amma gadar ta ci gaba da zama a rufe, manyan motocin da suka saba tasowa daga Kwatano suka koma zagaye ta Lome da Burkina Faso, ƴan dako da masu abincin Gaya suka ji a jikinsu. A Yulin 2024 gwamnatin Nijar ta sauke litar fetur zuwa sefa 499, kowa ya yi murna. A Maris 2025 kuma aka yi dogayen layuka a gidajen mai, domin matatar SORAZ ta Damagaram ba ta iya cike gurbin man Najeriya da ya daina shigowa ba. Doka na iya yanke farashi, amma ba ta ƙara ko lita ɗaya a tanki.

Wadda ta fi shafar rumbunmu ita ce dokar Nijar ta Oktoban 2024, da ta hana fitar da gero, dawa, masara, shinkafa da wake, in ba zuwa Mali da Burkina Faso ba. Niyyar na gane ta, kuma ba na raina ta: a bar abinci a gida, talakan birni ya samu sauƙi, mu ma da damina masu saye ne. Sai dai a duba watan da ta faɗo. Ta zo daidai lokacin da manomi ke sayarwa, ta cire masa masu sayen da suka fi kusa da shi. Mutumin Tunuga Kamba ce a hancinsa, Mali da Burkina kuwa ina shi ina su? Farashi kamar ruwan kogi yake, in ka tare shi nan ba ka yi masa hanya can ba, gonar wani zai kwanta. Sauƙin da mai saye ya samu, daga aljihun mai noma aka ciro shi, kuma manomin da ya ga wake bai biya shi ba bana, baɗi zai rage shukawa.

Haka ma hatsin rahusa da hukumar OPVN ke sayarwa buhu mai kilo 100 a jika 13 lokacin matsi. Ya ceci gidaje, mun gani da idonmu, Allah ya saka. Amma ceto ne bayan an riga an faɗa rami. In hukuma za ta rufe ƙofar fita, to ta buɗe ta saye: ta zo da kuɗi a hannu a Oktoba da Nuwamba, lokacin da hatsi ke wurin manomi, ta saya daga ƙungiyoyinmu a farashin da ya rufe kuɗin taki da na ƙwadago. Sayen da aka yi bayan hatsi ya koma mangazar ƴan kasuwa, su kaɗai yake amfana. Ta kuma taimaka da gina ɗakunan ajiya a garuruwa da rance mai sauƙi na lokacin girbi.

Namu kuwa ba sai mun jira Yamai ba. Ƴan'uwa, kafin geron bana ya shigo, kowace unguwa ta zauna, maza da mata, a nemi ɗaki mai rufin kirki, a zaɓi amintattu biyu masu riƙe mabuɗi, a tuntuɓi malamai da masu asusu. Wanda zai iya buhu biyar ya kawo, wanda buhu ɗaya ne ƙarfinsa shi ma a rubuta sunansa.