Mu da Sifes Biyar

A layinmu na masu buga takardu, ko daga waje kake tsaye za ka gane lokacin da wani ya shiga sabon sakin layi. Enta ɗaya, sai tas-tas-tas-tas-tas, babban yatsa ya sauka kan sifes sau biyar, sannan rubutu ya ci gaba. Wani ma har bakwai yake yi, wani ya danne madannin sai ya ga wurin ya yi masa daidai a ido. Haka muka taras, haka muke koya wa duk yaron da aka kawo mana koyon aiki, kuma wannan ne abin da muka fi yin gardama a kansa idan aka ɗauke wuta muka fito benci muna jiran a sayo man janareta.

Dattijon layin, wanda ya yi shekaru yana buga wa mutane takardun koke da tafireta kafin kwamfuta ta zo, shi ne mai kare sifes biyar. Kuma yana da hujja. A tafireta kowane harafi faɗinsa ɗaya ne, "i" da "m" wuri ɗaya suke ci, a irin wadda ake cewa faika haruffa 10 ne ke cika inci guda. Saboda haka sifes biyar rabin inci ne cif, yau da gobe, a kowane shafi. "Yara," in ji shi, "da wannan muka buga takardun da alƙalai suka karanta." Babu mai musa masa. Abin da muke ce masa shi ne, "Baba, kwamfuta ba ta san wannan lissafin ba." A rubutun Times New Roman mai girma 12, wanda kusan kowane sashe na jami'a ke nema a firojet, sifes ɗaya siriri ne ƙwarai, sai ka jera 12 kafin ka kai rabin inci. Biyar ɗinmu ba sa kai ko rabin abin da ake so. Ka sauya samfurin rubutun kuma, faɗin sifes ɗin ya sauya, duk bakin sakin layin ya motsa.

Mu masu buga Hausa mun fi kowa sanin wannan motsin. Waɗanda suka yi aiki da rubutun Rabi'at don samun ƙ da ɗ da ɓ suna tuna yadda takarda ke komawa idan aka buɗe ta a kwamfutar da ba ta da shi: haruffa masu lanƙwasa su zama baka da wasu alamomi, tazarar da aka jera da hannu ta wargaje. Yanzu kuma ɗalibi ne zai rubuta babi guda a waya da WPS, ya turo ta WhatsApp, abokinsa ya buga masa babi na biyu a wata kwamfutar, a haɗa su a kawo mana a ce a daidaita.

Wanda ke shan wahalar wannan shi ne ɗalibin, kuma shi ya sa abin ke damuna. Yarinya ta kai firojet mai shafi 80 wurin malaminta, ya zagaye farkon sakin layi da jan biro ya ce bai daidaita ba. Ta dawo, a bi sakin layi ɗaya bayan ɗaya ana gogewa ana ƙarawa, a sake fitar da shafuka, ta sake biya. Kuɗin da ya kamata ta ci abinci da shi ya tafi kan abin da minti biyu ya isa a gyara tun farko.

Masu amfani da madannin tab sun ɗan fi, domin a Word tab ɗaya rabin inci ne, wato santimita 1.27. Amma shi ma abu ne da ka dasa da hannu a kowane sakin layi. Ranar da malami ya ce a rage tazarar, ko a cire ta gaba ɗaya, sai ka bi duk inda ka dasa.

Wani matashi a layin, wanda ya taɓa aiki a maɗaba'a, shi ya fara nuna mana sitayil. Wannan jerin da ke saman allo, mai Normal da Heading 1, wanda yawancinmu muke wucewa kamar ado ne. Ya ce bambancinsa da abin da muke yi kamar na mai awon hatsi da tafin hannu ne da mai awo da tiya: ka gyara tiyar sau ɗaya, duk buhunan sun zo daidai. Ka danna dama a kan sitayil ɗin, ka zaɓi Modify, ka shiga Paragraph, a ƙarƙashin Special ka ɗauki First line ka sa rabin inci, wato santimita 1.27. Duk sakin layin da ke ɗauke da wannan sitayil, ko ɗari uku ne, zai shiga ciki lokaci guda. Gobe a ce a canza, wuri ɗaya za ka taɓa.

Sai dai akwai inda da yawa suka yi tuntuɓe har suka ce abin ba ya aiki. Sun je sun sa tazarar a kan Normal, alhali yawancin sauran sitayil daga gare shi suke gado. Sai ka ga kan babi da aka sa a tsakiya ya ɗan karkata dama, rubutun cikin jadawali ya shige ciki, shafin sadaukarwa ya gurgunce. Maganin shi ne a bar Normal yadda yake, a ƙirƙiri sabon sitayil na jikin rubutu kawai, a ba shi suna ko da da Hausa ne, a zuba masa komai: tazarar layin farko, tazara biyu tsakanin layuka, daidaita gefe da gefe. Manazarta kuma a yi musu nasu daban, domin tsarin APA da malamai da yawa ke nema akasin haka yake so, layin farko a bakin gefe, sauran su shiga ciki da rabin inci. Wannan shi ne Hanging, yana nan a wuri guda da First line. Da can enta muke bugawa a ƙarshen layi mu cika na gaba da sifes, a ƙara sunan marubuci ɗaya komai ya rushe.

Tsohon aiki da aka riga aka cika da sifes ma ba sai an bi shi da hannu ba. Ctrl da Shift da 8 za su bayyana ɓoyayyun alamomi, kowane sifes ɗigo, kowane tab kibiya, sai ka ga irin abin da aka shuka. A akwatin nema da musanya ka nemi ^p^w ka musanya da ^p, duk tarkacen farkon sakin layi ya tafi. Inda wani ya ja rula da hannu har sitayil ya ƙi kamawa, Ctrl da Q zai mayar da sakin layin kan tsarinsa.

Maƙwabcina ya ce, "Yaya, idan gyara ya zama na minti biyu, me za mu caja?" Na ce masa kuɗin shafi muke karɓa, ba kuɗin danna sifes ba, kuma lokacin kare firojet aiki ya fi ƙarfinmu, har korar mutane muke yi. Wanda ya gama firojet uku a lokacin da wani ke kan na farko, shi ɗalibai za su riƙa nuna wa junansu shagonsa. Ga shi idan ka sa wa kanun babi Heading 1 da Heading 2, Word da kansa zai fitar maka da ƙunshiya da lambobin shafi, ba sai ka jera ɗige-ɗige kana leƙa shafuka ba.

Shaguna da dama a layin yanzu suna da fayil guda a filashi, babu rubutu a cikinsa sai sitayil ɗin da aka shirya, duk sabon aiki a kansa ake farawa. Baba dai har yanzu biyar ɗinsa yake bugawa, yaron shagonsa ne ke bi da ^p^w kafin a tura firinta.