Wasiƙa daga gonar inabi zuwa Agadas

Arbois, ƙasar Faransa, farkon watan Oktoba

Zuwa ga taubashina, sarkin masu barcin hantsi na Agadas da kewaye,

Ina fatan kana lafiya, da Gwaggo, da amarya, da yara, da babur ɗin nan naka wanda ba ya tashi sai an tara unguwa ta tura shi. Ni ma lafiya lau nake, sai sanyi da ya fara sallama a bakin ƙofa.

Saƙonka ya iso, sau uku na saurare shi. Wato ka bi gari kana shela cewa na je Turai na buɗe gidan giya, har Gwaggo ta kasa cin abincin dare. Allah ya shirye ka. To gyara zama in ba ka labarin yadda yake, ka koma ka kwance abin da ka ƙulla.

Yankin da nake sunansa Jura, a gabashin Faransa, dab da iyakar Suwizalan. Garin a rubuce Arbois ne, a baki kuma Arbuwa, don mutanen nan sukan rubuta haruffa su karanta rabi su bar rabi, kamar yadda kake yi da bashi. Mutanensa ba su wuce dubu uku da 'yan kai ba, filin idin Agadas ya fi su cika. Amma a nan Louis Pasteur ya girma, gidansa na nan a bakin kogin Cuisance ana zuwa kallo. Binciken abin da ke lalata ruwan inabi ne ya kai shi ga dabarar dumama abin sha don kashe ƙwayoyin cuta, wadda yau ake yi wa madarar kwali da kake shanye wa yara.

Gonar da nake aiki ƙarama ce, ta wani tsoho da matarsa da 'yarsu. Aikina yankan inabi da almakashi da goyon kwando a hau tudu a sauko. Tun ranar farko na gaya wa tsohon ni Musulmi ne, ba na sha. Ya gyaɗa kai, bai ƙara tayar da maganar ba, matarsa kuma kullum sai ta ɗebar min ruwan inabi sabon matsa, tun bai kwana ba balle ya juya. Ba zan ɓoye maka ba, sanin inda inabin nan yake ƙarewa bai bar zuciyata ta kwanta ba. Shi ya sa na nemi aiki wurin masu cuku a Poligny, garin da ke kusa da mu, zan koma can da an gama kaka. Wannan ka faɗa wa Gwaggo daidai yadda na rubuta, kada ka sa masa gishiri.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kai in an ce maka inabi, ka san iri biyu: wanda ka saya da wanda ka ɗauka a gonar Kawu a Timiya ba da izini ba. Su nan iri biyar suke nomawa, kowanne da sunansa da halinsa kamar 'ya'yan gida ɗaya. Akwai Chardonnay da Pinot noir, waɗanda ake samu a wurare da yawa. Sauran ukun su ne abin alfaharinsu. Poulsard fatarsa siririya ce, in ka matsa shi da yatsa sai ya fashe, ruwansa kuma ja-ja ne mai haske kamar zoɓon da mai rowa ya tsinka da ruwa, ka san irin wanda kake ba baƙi. Mutanen ƙauyen Pupillin ma ba su yarda da sunan ba, Ploussard suke cewa, kuma a shirye suke su yi musu a kai har dare. Trousseau ya fi duhu, yana son ƙasa mai tsakuwa da ɗumi, ya fi yawa wajen Montigny-lès-Arsures. Sai Savagnin, fari, mai kaurin fata, mai taurin kai, wanda ba ya nuna sai sauran duk sun shiga gida. Shi muke jira yanzu. Da na ji halinsa na ce wa tsohon ina da ɗan'uwa irinsa, wanda ba ya isa wurin ɗaurin aure sai an shafa fatiha.

Da Savagnin kaɗai suke yin abin da suke kira vin jaune, wato ruwan inabi rawaya. Ana zuba shi a gangar katako, a bar shi shekara shida da wata uku ba a ƙara masa ko ɗigo. Yana ƙafewa a hankali, sai wata yana ta yisti ta rufe samansa, irin yanar da ke hawa kan madara, ita ce ke kare shi daga lalacewa. In lokaci ya cika sai a ɗura shi a wata gajeriyar kwalba mai suna clavelin, mai cin santilita 62, wai abin da ya saura ke nan daga lita guda. Shekara shida da wata uku, taubashi! Kai da kake buɗe murfin butar shayi sau biyar kafin ta tafasa, da an ba ka gadin gangar nan da ba ta ga watan Rajab ba.

Ran nan tsohon ya buɗe kwalba ɗaya don wasu baƙi, ƙamshin ya bugo ni daga inda nake zaune, na ce masa wannan ai hulba ce. Bai gane ba, sai 'yarsa ta duba waya ta faɗa masa sunanta da Faransanci. Mutumin nan ya ajiye kofi ya zuba min ido. Ashe masana sun gano sinadarin da ke ba shi wannan ƙamshi shi ne dai na cikin hulba, su kuwa baƙin sun daɗe suna shinshina kofi suna cewa gyaɗar Turawa, suna cewa kayan yaji. Ka gaya wa Gwaggo hulbar da take ɗura mana muna kuka ta yi rana a Faransa.

Wajen ci kuwa, ba sa haɗa abu da abu da ka. Poulsard da busasshen nama mai hayaƙi, Trousseau da jan nama ko naman dawa, rawayan kuma da cukunsu mai suna Comté, ko da kaza da aka dafa da kirim da wani irin naman kaza da suke kira morille. Ka ji fa, kaza da naman kaza a tukunya ɗaya, kuma na biyun ya fi na farkon tsada. Comté ɗin nan guda ɗaya ya kai kilo 40, lita 400 na madara ke shiga cikinsa, kuma ba ya fita kasuwa sai ya yi aƙalla wata huɗu a ajiye. Da na fito musu da sauran cukun da Gwaggo ta ƙulle min, siriri kamar takarda, 'yar ta ɗauka wasiƙa ce. Na gasa shi a kan wuta, na haɗa musu da dabino da shayi zagaye uku. Tsohuwar ta ci ta yi shiru, sannan ta tambaye ni sunan makiyayar da akuyar ta yi kiwo. Da gaske take. Na ce mata Abzin, ta sa na rubuta mata.

Suna da biki ranar Lahadin farko ta Satumba mai suna Biou. Da na ji sunan na zaci bikinmu na Bianu ne ya biyo ni, na shiga neman rawani. Nonon inabi fari da baƙi suke saƙawa su yi wani ƙaton guda, maza huɗu su saɓa shi, masu goge na gaba, a kai cocin Saint-Just a rataye don godiya. Yana da kyau ƙwarai, sai dai babu tambura, babu shuni, babu gabas da yamma, kuma kafin azahar kowa ya nufi tebur. Wannan ɓangaren na ƙarshe na san da kai za a yi.

Kada ka ɗauka ba su sha wuya ba. A ƙarshen ƙarni na 19 wani ƙwaro da ya zo daga Amurka ya cinye saiwar inabinsu. Yankin da yake da kusan hekta 20,000 yau bai wuce wajen 2,000 ba, abin da ya tsira kuma sai da aka yi masa aure da saiwar Amurka, yadda ake yi wa mangwaro. A 1906 manoman Arbois suka haɗa kai suka kafa ƙungiyar da har yau take aiki. A Afrilun 2021 sanyi ya ƙone toho, tsohon ya ce sun kwana suna kunna wuta tsakanin kunya da kunya, duk da haka mafi yawan amfanin ya tafi. Da yake ba ni labari sai na tuna Kawu a shekarar da ambaliya ta share masa lambu.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne soron gidan. A can suke shanya zaɓaɓɓen inabi a kan kara ko cikin akwatuna, mako shida ko fiye, har ya yanƙwane zaƙinsa ya taru, su yi wani ruwan inabi mai zaƙi da suke kira vin de paille. Na tsaya ina kallo ina tuna inabin Timiya, wanda ke tasowa tsakanin rumman da lemo, a loda shi a mota ya bi hanyar dutse fiye da kilomita 200, ya iso Agadas rabinsa ya zama miya. Su da suke roƙon rana suna shanya inabi, mu da rana ta yi mana yawa muna zubarwa. Zabibi halal ne, ba ya tsoron hanya, kuma wanda ake sayarwa a kantunanmu daga waje yake zuwa. Don haka in ka je Timiya, ka zauna da Kawu ka tambaye shi kowace kuranga daga ina aka kawo ta, me ake kiranta, wacce ke riga nuna, wacce ta fi kaurin fata. Ka rubuta a littafi. In kakar ta zo a ware kwando biyu a shanya a inuwa mai iska, a kan tabarma, a rufe da gidan sauro saboda ƙuda da tsuntsu. Kuɗin tabarma da gidan sauro na aiko ta hannun Gwaggo. Na ce Gwaggo, don na san ka.

Kuɗin sharar da kake ta aike a kansa yana nan, za ka karɓa ranar da littafin ya iso hannuna. In ka samu mai zuwa, a sako min cuku da yawa, tsohuwar nan ta cinye rabona, da ganyen shayi irin namu. Ka gaida Gwaggo da Kawu da amarya, ka ce mata ina yi mata sannu da haƙuri. Ka shafa min kan yara. Gobe da asuba za mu shiga Savagnin, ga shi har an kashe fitilar tsakar gida.

Naka,
taubashinka na Arbuwa