Ɗabaƙoƙin Masu Neman Ilmi Mai Zurfi a Kajiji

Tun da Allah Ya kawo mu zamanin da mutum zai zauna a zaurensa a Kajiji, cikin ƙasar Shagari, ya saurari darasin malamin da ke Abuja ko Ingila ba tare da ya biya kuɗin mota ko zuwa Boɗinga ba, sai neman ilmi mai zurfi, wanda a da ƙofa ɗaya gare shi, ya yi ƙofofi barkatai, kowace ƙofa kuwa ta haifi irin nata ɗalibai.

Mafi daɗewa a cikinsu shi ne wanda gari ya naɗa wa sunan Dokta tun bai taka harabar jami'a ba. Shi ya yi rantsuwa ba zai karanta kome ba sai likitanci, kuma ba a ko'ina ba sai a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, saboda haka kowace shekara yakan sayi fom ɗin JAMB kamar yadda ake fitar da zakkar kono, in sakamako ya fito ya ce kwamfuta ce ta ci amanarsa, domin tun 2015, da aka daina rubuta jarrabawar da fensir, ya sami abin ɗora wa laifi. In wani mai son shi da alheri ya ambata masa karatun malanta, sai ya ɗauke masa gaisuwa wata guda, alhali Alhaji Shehu Shagari, wanda garinsu ke nan kusa, da alli ya fara kafin ya hau mulkin Nijeriya a 1979. Tsararrakinsa sun gama, sun yi bautar ƙasa, sun yi aure. Dokta yana nan bakin kemis yana ba da fatawar magani kyauta.

A zamanin Shagarin nan ne, cikin 1983, aka kafa jami'ar karatu daga gida, wato NOUN, soja suka dakatar da ita a 1984, har sai da Obasanjo ya zo ya farfaɗo da ita, ya kuma shiga cikinta da kansa ya yi karatu har digirin digirgir. Daga ɗalibanta akwai ma'abucin uzuri, wanda niyyarsa tsarkakakkiya ce, aikinsa ne kawai ba ya bin ta. Yakan sayi data da hantsi da nufin muɗala'a, amma kafin ya isa ga littafin sai Facebook ya tare shi da gaisuwa, daga nan ya leƙa ƙwallon Ingila don ya ga abin da ake ciki, la'asar ba ta yi sai data ta ƙare, ya tashi yana salati yana tsine wa kamfanin waya. Hujjojinsa kullum su ne rashin sabis da rashin wuta da tsadar data, kuma in za a yi adalci ba ƙarya yake ba ɗungurungum, domin wayar da yawa a shagon mai caji take yini, a farkon 2025 kuma hukuma ta yarda a ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin ɗari. Abin da ya ɗaure wa masu nazari kai shi ne, ba a taɓa jin sabis ya ɓace masa ranar wasan ƙarshe ba.

Wanda ya fi shi dabara, ya kuma fi shi hasara, shi ne ma'aikacin da ƙarin girma kaɗai yake nema. Ya miƙa lambar sirrinsa ga wani yaro mai shagon kwamfuta a Sakkwato, yaron ke yi masa rajista, shi ke amsa masa aikin gida, shi ke samun ilmin a banza ana kuma biyansa. Sai ranar jarrabawa, wadda ba a yin ta da wakilci, ka ga malam gaban na'ura yana gumi yana neman harafi da yatsa ɗaya. Kusa da shi akwai mai tara shahada, wanda ya lulluɓe bangon ɗakinsa da takardun kwasa-kwasan awa biyu na intanet, ko wasiƙar neman aiki kuwa sai an rubuta masa. Ɗan yajin aiki bai cancanci zargi ba: wata takwas ya zauna a gida a 2022 yana jiran malaman jami'a da gwamnati su sasanta, ya kama safarar albasa don rage zaman banza, da aka koma sai ya ga albasa ta fi digiri saurin cika alkawari.

Akwai kuma dattijo mai inkari, wanda in an ambaci karatun waya sai ya girgiza kai ya ce, "Yaro, karatun da babu gwiwa ƙasa ba karatu na ba," sa'an nan ya ciro tasa wayar ya ci gaba da sauraron tafsiri. Yana da rabin gaskiya, domin ladabi a gaban malami ake koyonsa; amma ya manta a wannan ƙasa ce Nana Asma'u 'yar Shehu Ɗanfodiyo ta riƙa tura jajjai, wato malamai mata, da waƙoƙin ilmi zuwa ga matan ƙauye da ba su iya zuwa wurinta ba, waɗanda ake kira 'Yan Taru.

Magajiyar waɗannan 'Yan Taru ita ce matar aure, galibi malamar firamare, wadda ba ta shelanta wa kowa ta shiga jami'a ba, sai ta bari yara sun yi barci, sabis ya sami sarari, ta sauke littattafanta a waya, ta kwafe da hannu a littafin rubutu don tsoron caji ya yanke, ta yi adashi ta haɗa kuɗin zango da na motar Sakkwato, har wata rana a wayi gari a ji ta gama. Ku mazajen irin waɗannan mata, in ba za ku iya taya su karatun ba, ku saya musu data, ku riƙe yara ranar jarrabawa, kuma ku daina aron wayar don kallon ƙwallo.