Kasafin kuɗi ya haihu, yaushe suna?

Ni dai a ganina, duk ma'aikacin da Turancin ofis ya kayar, bai cancanci dariya ba. Wanda ya rubuto takardar shi ya kamata a titsiye. Ɗauki kalmar "put", 'yar mitsitsiya, ma'anarta ajiyewa. Ka liƙa mata "off", an ɗage taro. Ka liƙa mata "up with", ta koma haƙuri da shugaban da ya ishe ka. Ka ce "put down" a gaban likitan dabbobi, kare ya sheƙa barzahu. To ina laifin akawun da aka ce masa "call off the meeting", ya ɗaura hula ya bi ofis-ofis yana kiran mutane taro, alhali soke taron aka ce ya yi? Wadda ta fi ban tausayi ita ce "put to bed". A bakin Bature an kammala magana ke nan, a Najeriya kuwa mace ce ta sauka lafiya, har ƙamus ɗin Oxford ya karɓi wannan ma'ana a 2020 tare da Kannywood da okada. Manaja a Landan ya aiko saƙo kan kasafin kuɗi, sakatare a Kano ya fara tambayar ranar suna da kuɗin rago.

Za a ce ai harshe koyonsa ake yi, mutum ya zauna ya haddace. Na yarda, amma Samuel Johnson da kansa, a gabatarwar ƙamus ɗinsa na 1755, ya amsa cewa irin wannan haɗi shi ya fi wahalar da baƙon harshe. Kai, su masu abin ma ba su tsira ba. Churchill ya ba da labarin yadda hafsoshin Ingila da na Amurka suka yi ta cacar baki lokacin Yaƙin Duniya na Biyu a kan "table": wajen mutanen Ingila a gabatar da batu ne, wajen Amurkawa a jingine shi, ashe duk bakinsu ɗaya.

Wani kuma zai ce mu ma Hausawa haka muke, mu ci tuwo, mu ci bashi, mu ci zaɓe, mu ci amana. Gaskiya ne, sai dai ba mu taɓa aika wa baƙo takardar aiki mu ce ya ci gaba, sannan mu zaftare masa albashi don ya zo da cokali ba. Mai "call off" kuwa yana da "cancel" a aljihu, wadda ko ɗan firamare ya sani, ya ƙi fitowa da ita.