Ku Matso, 'Yan "Haɗi Ne"

To, 'yan "ba mu yarda ba", ku gyara zama. Na san halinku sarai. Ko hoton kakanku aka miƙo muku sai kun ɗaga shi sama, kun kanne ido ɗaya, kun ce, "Malam, wannan aikin kwamfuta ne." Yau na zo da tsofaffin hotuna a aljihu, mu ga idon wa ya fi kaifi.

Ga na farko. Birnin Faris ne, shekarar 1838, wani ƙaton titi mai suna Boulevard du Temple. Titin fayau, ba keken doki, ba mai tafiya a ƙasa, kamar an sa dokar hana fita. Can a wata kusurwa mutum ɗaya ne tsaye, ya ɗora ƙafa ana goge masa takalmi. Ina jin ku tun daga nan: "Faris guda ba kowa da rana tsaka? Haba!" Ku kwantar da hankalinku, ranka ya daɗe sarkin gardama. Titin da jama'arsa. Na'urar mai ɗaukar hoton, Louis Daguerre, ce sai ta yi mintoci tana ƙura wa abu ido kafin ta kama shi, saboda haka duk mai motsi ya ɓace ɓat. Masu hannu da shuni da suka wuce a guje cikin keken doki, ko inuwarsu ba ta fito ba. Mai shushaina da mai takalmin da suka tsaya wuri ɗaya, su suka shige tarihi. Wanda kuka fara ƙaryatawa ke nan, ga shi gaskiya tsagwaronta.

Na biyu kuwa na san kai za ku gyaɗa. Berlin, 2 ga Mayu 1945: sojan Tarayyar Sobiyet yana kafa tuta a saman Reichstag, ginin majalisar Jamus, gari ya zama kango, hayaƙi na tashi. "Yauwa, wannan kam ba wasa!" in ji ku. Ashe? Mai ɗaukar hoton, Yevgeny Khaldei, da tutarsa ya hau, bayan an riga an ci ginin. Da aka wanke hoton sai aka lura sojan da ke tallafe da mai tutar yana da agogo a kowane hannu. Soja a garin da aka ci da yaƙi, agogo biyu, ai ba sai an yi wa mai hankali fassara ba. Masu kare shi sun ce ɗayan kamfas ne. Ni dai ban ce komai ba. Aka kankare guda, aka ƙara wa hayaƙin duhu don abin ya yi armashi. Duk wannan babu kwamfuta, babu intanet, sai allura da fenti da ɗakin duhu.

Ma'aikatan Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet a lokacin, ma sun fi haka gwaninta. Akwai hotonsa a bakin ruwa tare da Nikolai Yezhov, shugaban 'yan sandansa na ciki. Da aka kashe Yezhov a 1940, sai hoton ya sake fitowa, Stalin na nan, Yezhov kuwa ruwa ya maye gurbinsa.

Kada ku ji kunya, an yi wa waɗanda suka fi ku. A 1917, a ƙauyen Cottingley na Ingila, wasu 'yan mata biyu, 'yar shekara 16 da 'yar shekara 9, suka ɗauko hotunansu tare da ƙananan aljanu masu fukafukai. Wa ya hau ya zauna? Arthur Conan Doyle, mutumin da ya ƙirƙiro Sherlock Holmes, jami'in binciken da ko ƙura ba ta wuce masa. Har rubutu ya yi a mujalla a 1920 yana kafa hujja da su. Sai a 1983, sun zama tsofaffi tukuf, suka ce zane ne suka yanka, suka kafe da allurar hula. Shekara sittin da shida ana tafka muhawara a kan takarda!

Saura ɗaya, shi kuma ku za ku yanke hukunci. New York, 1932: leburori 11 zaune a jere kan ƙarfen gini, hawa na 69, ƙafafu na lilo a sama, wani na cin abinci, wani na kunna taba. Haɗi ne ko gaske? Ku yi ta musu a tsakaninku. Wanda ya ce haɗi ne ya faɗi, don mutanen da ƙarfen da tsayin duk na gaske ne. Wanda ya ce haka kawai aka tarar da su shi ma ya faɗi, don shirya zaman aka yi saboda tallar ginin. Tunda duk kun faɗi, ku haɗa kuɗin shayi, nawa da madara, a sa ƙwai biyu.