Hoto Goma Sha Biyu, Dangi Ba Adadi

Hotunan Malick Sidibé ne suka sa mini kwaɗayin babban fim. Mutumin Bamako ne, ya rasu a 2016, kuma a shagonsa da Rolleiflex yake aiki, kyamarar Jamus mai ido biyu. Ka ƙura wa hotonsa ido, sai ka ga zaren riga ɗaya-ɗaya. Sirrin yana ga faɗin fim ɗin. Ana kiransa 120, Kodak ta fito da shi tun 1901, kuma hoto guda a jikinsa yakan kai santimita shida tsawo, shida faɗi, kusan ninki huɗu na ƙaramin fim mai hoto 36 da masu hoton Mafara suke yawo da shi kafin waya ta kashe musu kasuwa. Ƙanwata za ta yi aure a Dakko, ni kuwa na riga na yi wa gida shela cewa hoton bikin nan sai jikoki sun yi gadonsa.

A Sabon Garin Kano aka haɗa ni da wani dattijo da ya daɗe da rufe shagon hoto. Ya jera mini kyamarori uku a kan tebur.

Ta farko Mamiya RB67, wadda ya ce ta maza ce. A 1970 aka fara yin ta, ana canja mata ido, bayanta yana juyawa, hoto goma take ba ka a fim guda. Nauyinta ya haura kilo biyu da rabi. Na ɗaga ta, na tuna hanyarmu a bayan kabu-kabu, na ajiye ta cikin ladabi. Ta biyu Seagull ce ta Shanghai, ga arha, amma idonta ya yi fumfuna daga ciki. Ta uku Yashica Mat-124G, 'yar Japan, wadda aka yi ta ƙerawa daga 1970 zuwa 1986. Idonta milimita 80 ne, ba a cire shi, hotonta goma sha biyu. Jinin kasuwanci ya motsa: goma sha biyu ya fi goma. Nan zaɓe ya ƙare.

Don dai ya san ba baƙauye ya samu ba, na tambaye shi ko yana da Hasselblad.

"Wadda Amurkawa suka kai duniyar wata a 1969 suka baro ta can?" in ji shi. "Je ka ɗauko, yaro. Kyauta ce."

Sai aka shiga kayan haɗi, inda kuɗi suke tafiya ba sallama. Sanda mai ƙafa uku, igiyar ƙyastawa don kada hannu ya girgiza, 'yar hular da ke kare ido daga rana, da wani gilashi ruwan ɗorawa da ya ce yana fito da gajimare. Ma'aunin hasken kyamarar ya mutu, domin batir mai zaiba yake ci, an kuwa daina yin irinsa. Dattijon ya ce wannan ba matsala ba ce: in rana ta take, ka sa ƙofar haske a 16, sauri kuma kusa da lambar fim ɗinka. Fim daga Legas na sa aka aiko, Ilford HP5, baƙi da fari, irin na manya. Tsadarsa ta sa guda ɗaya na iya saye.

A hanya masu bincike suka tsayar da mu, suka ga dogon abu na ƙarfe naɗe cikin buhu. A ƙasarmu yanzu ba a wasa da dogon abu cikin buhu. Sai da na ware ƙafafun nan uku a bakin titi, na ɗora akwatin, kowa ya leƙa ya ga abokinsa a ciki, sannan aka sake mu. Ɗayansu ya nemi in ɗauke shi. Na lissafa, na ga in na ƙi ban san yadda za ta ƙare ba. Saura goma sha ɗaya.

Ita irin wannan kyamara ba a kai ta fuska. A ciki take rataye, ka buɗe murfinta na sama, ka sunkuya ka leƙa. Da na sunkuya gaban Kawu a ƙofar gida, sai ya ɗauka gaisuwa ce.

"Lahiya lau, lahiya lau. Tashi hakanan, ɗana. Allah shi yi albarka."

Ina ɗagowa hoto ya ɓace, na sake sunkuyawa, ya sake sa albarka. Ban taɓa shan addu'a irin ta ranar ba, kuma har yau ana ba da misali da ni a gidan in ana yi wa yara faɗan rashin ladabi.

Abin da dattijon Kano bai tsaya a kansa ba shi ne madubin da ke ciki yana juya duniya. Dama ta koma hagu, hagu ta koma dama. Kawu ya zauna a kujera, uwargidansa Inna a damansa, amaryarsa a hagunsa, yadda aka saba tun kafin a haife ni. Ni kuwa kaina yana cikin akwati, lissafi ya dagule mini, na ɗaga hannu na ce, "Inna, ku koma wancan gefen. Ke kuma ki dawo nan."

Gidan ya yi tsit.

"Ni za ka tayar?" in ji Inna. "Ni da nig goye ka?"

Amaryar Kawu kuwa har ta fara tattara mayafi, tana murmushin da ba na hoto ba. Na yi ta bayanin madubi. Inna ta ce ita ma tana da madubi a ɗaki, bai taɓa rage mata matsayi ba. Sai da Gwaggo ta sa baki aka zauna, kuma hoton nan sau biyu aka ɗauke shi, don a na farko babu wanda yake kallon kyamara, kowa harara yake.

Daga nan rabon ya zama siyasa. Dangin ango suna son nasu, ƙawayen amarya suna son nasu, mai unguwa ba a tsallake shi, liman ya ce shi ba ya so amma bai tashi daga inda yake ba. Duk wanda na ɗauka kuma sai ya zagayo bayana ya ce, "Mu gani." In ce sai an wanke. Wata 'yar ƙanwar Inna ta tafi da gaske ta kawo ruwa a buta. Wani yaro ya ce wayar babansa ta fi wannan, ita nan take take nunawa, kuma tana waƙa.

Kawu ya ce yana son nasa shi kaɗai, na kusa, wanda za a rataye a zaure. Ya shiga ya fito da doguwar hula sabuwa, wadda ya ce tun Gusau ya sayo ta bai taɓa sa ta ba. Na matso har iyakar inda idon yake iya gani tas, kamar taku ɗaya da rabi, na cika gilashin da shi, hular tana taɓa bakin sama. Kyau kamar me. Na ƙyasta.

Fim ya ƙare rana ba ta ko karkata ba, amarya kuma ba ta gama shiri ba. Na murɗa hannun har takardar bayan fim ta naɗe, na fiddo shi, na lashi 'yar takardar da ake liƙe shi da ita. Gwaggo tana kallona. Ta ga abu naɗaɗɗe, an lasa, an sa a aljihun ƙirji.

"Wanga laya ta mi ce?" ta tambaya a hankali. "In ta kasuwa ce, a yo mani."

An daɗe kafin hotuna su dawo daga Legas, har amarya ta fara laulayi. Na buɗe ambulan a gaban kowa, wanda bai kamata ba.

Kaifi kam akwai shi, ko ɗinkin wuyan riga ana ƙirgawa. Mai binciken hanya ya fito kamar gwamna. Amma kyamara mai ido biyu, na sama ne yake gani, na ƙasa yake ɗauka, tsakaninsu kuwa akwai kamar yatsu uku. Daga nesa ba a lura. Daga kusa, yatsu ukun nan daga saman hoto suke fita. Hular Gusau ta tafi da rabinta. Kawu ya juya hoton ya duba bayansa.

Mata ba su kula da hula ba. Ankon bikin nan sai da aka yi taro a kansa, aka yi fushi, aka shirya, aka aika Kantin Kwari. Shuɗi ne da ruwan hoda. Ga shi nan toka-toka.

"Ina launin?" in ji Inna.

Na ce haka manyan masu hoton duniya suke yi. Ta ce to manyan masu hoton duniya su biya ta kuɗin atamfa.

Ranar Talata Kawu ya ɗauki hotunan ya tafi kasuwar Mafara ba tare da ya gaya mini ba. Wani yaro mai kwamfuta ya ɗora masa hula, ja, wadda bai taɓa mallaka ba, ya sa masa fulawoyi da labule a baya, ya kuma shafa wa anko kore shar. Yanzu gidan ya rabu biyu: masu cewa shuɗi aka saka, da masu cewa ai ga hoto nan. Amaryar Kawu tana ɓangaren kore.